Waldar da Ba Ta Tartsatsi: Zuwanmu Garwa da Alhaji Bappa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A bakin shago a tambaye ni, a coci bayan an tashi a tambaye ni, har mai shayin layinmu a Bagadaza ya ce sai na rantse masa cewa da idona na ga an haɗa ƙarfe da ƙarfe ba wuta. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda ya fara jin labarin daga bakin Alhaji Bappa, ni ne abin dariya a ciki daga farko har ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta nawa.

Sunana Bulus, asalina mutumin Kaltungo ne, amma shekara ashirin da huɗu ke nan ina walda a Gombe. Alhaji Bappa kuwa Bafulatani ne mai injin haƙa rijiyar burtsatse, gidansa na Manawashi. Bututun ƙarfen nan da yake ɗaurawa ɗaya kan ɗaya yana turawa cikin ƙasa, idan bakinsu ya cinye, ni nake yanke tsohon bakin in walda masa sabo. Kowa ya san ruwan Gombe ba ya kusa, sai an yi nisa ƙwarai kafin a tarar da shi. To, a shekara ɗaya sau uku bututu yana karyewa a can ƙasa, kuma duk ukun daidai inda na yi walda. Na ukun ya fi muni, domin a unguwar su Alhajin ne. Mata har sun fara jera jarkoki don murna, sai kan haƙar ya tafi da rabin bututu ya zauna a ƙasa. Kwana tara ana fama kafin a ciro shi. Ni na ce laifin dutse ne. Ma'aikatansa suka ce laifin Bulus ne. Magana ta zaga gari, har masu injin haƙa biyu suka daina kawo mini aiki.

Alhaji dai bai ɗora mini laifi ba. Wata safiya kawai sai ga shi a shago da guntun bututun da ya karye a cikin buhu.

"Injiniya," haka yake kirana in zai tsokane ni, "kana da fasfo?"

"Ina da shi, na zuwa Urushalima da bai yiwu ba."

"To, ka kakkaɓe shi. Garwa za mu, a Kamaru. Hamadu, ɗan ƙanen babana, ya ce akwai wata mata a can da ke haɗa bututu ba wuta, ba sandar walda."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Alhaji, da me take haɗawa? Da yawu?"

"Ko da yawun ne ka koyo, tunda taka wutar ta ƙi."

Matata Saratu ta goyi bayansa tun kafin in gama ba ta labari. Ta cika mini leda da dambun nama, ta ce, "Baban Ladi, ka je ka gani da idonka. Abu ɗaya nake roƙonka, ka rage musu a ƙasar mutane."

Mun tashi daga tasha da sassafe. Alhaji ya kama gaba shi kaɗai, ni aka matse ni a baya tsakanin wani malamin makaranta da buhun albasa. Muka wuce Kumo, muka wuce Billiri. Da muka doshi Kaltungo sai na sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, don kada dangi su ga na ratsa gari ban tsaya gaisuwa ba. Ai kuwa direba ya taka birki daidai rumfar Gwaggo Hannatu, ƙanwar babana mai sayar da gyaɗa. Ta leƙo ta taga, ta ga ƙeyata, ta gane ta.

"Bulus! Takalmin nan ƙafa nawa gare shi?"

Sai da na fito na durƙusa a gaban fasinjoji, ta yi mini faɗa da yarenmu, sannan ta ɗora mini kwalbar gyaɗa. Alhaji bai ji ko kalma ɗaya ba, amma har Cham yana fassara wa mutanen mota abin da ta ce.

Kafin Numan hanya ta yi mana abin da ta saba. Muka faɗa wani rami, bututun hayaƙin motar ya cire yana jan ƙasa. Alhaji ya sanar wa kowa cewa kada a damu, akwai babban mai walda a mota. Ba inji, ba wuta, sai wata tsohuwar waya da direba ya zaro daga but. Na kwanta a ƙarƙashin mota na ɗaure abin da waya. Ina fitowa duk ƙasa a jikina, Alhaji ya ce, "Ka ga, tun ba mu isa ba ka fara iya walda ba wuta."

A Jimeta muka kwana, washegari muka nufi iyaka. Tun daga Gombe Alhaji yake cika baki cewa da mun tsallaka bakina ya mutu, domin can ƙasar Fulani ce, shi zai riƙa yi mini tafinta. A ɓangarenmu aka buga mana hatimi ba wata matsala. Muka haye wani rafi a kwale-kwale, Alhaji ya rungume jakarsa yana salati, ni na rungume buhun ƙarfe ina tunanin in jirgin ya kife ni zan riga kowa isa ƙasa.

A ɗaya gefen wani dogon jandarma, wato ɗan sandan can, ya buɗe buhun. Ya ɗaga guntun bututun, ya kanne ido ɗaya ya leƙa cikinsa, fuskarsa ta canza. Ya yi tambaya da Faransanci. Alhaji ya gyara babbar riga ya amsa da Fillanci. Jandarma ya sake tambaya. Alhaji ya sake amsawa da Fillancin, amma da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Da na ga abin zai lalace sai na karɓi bututun don in nuna masa aikinsa. Na riƙe shi da hannu biyu ina karkarwa, ina cewa "tatatata", wai ina kwatanta injin haƙa. Jandarma biyu suka miƙe tsaye. Sai a lokacin na gane abin da na kwatanta. Cikin ruɗewa bakina ya suɓuce da turancin broka, na ce aikin ruwa ne, rijiya muke haƙawa. Ashe mutumin daga yankin Kamaru na masu Turanci ya fito. Ya fashe da dariya, ya kira ni ɗan'uwa, ya tambaye ni yadda za a gyara ƙyauren ofishinsu da ya saki. Daga nan har muka hau babur Alhaji bai ƙara maganar tafinta ba.

Garwa zafi. Mu da muke kukan zafin Gombe, mu je mu nemi gafara. Hamadu ya sauke mu a gidansa, ɗaki mai tsabta, da randa a ƙofa. Aka kai mu gaida mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai kaifin ido. Alhaji ya zauna ya zuba mata gaisuwa da Fillanci, doguwa, har yana lumshe ido. Tsohuwa ta saurara har ya gama, sannan ta juya ta ce wa ɗanta wani abu, gidan duka ya ɗauki dariya. Na matsa wa Hamadu sai ya gaya mini. Ya ce, "Cewa ta yi, wannan Bahaushen yana ƙoƙari, a ina ya koyi Fillanci?" Na roƙi Allah ya ja kwanan tsohuwar nan.

Abincinsu ma sai da ya ba mu aiki. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, sai ka yi da gaske kafin ka gutsura. A tsaga cikinsa a zuba taliya soyayya da ƙwai, wato abinci a cikin abinci. Zoɓo kuwa sunansa folere. Ranar farko a gidan abinci Alhaji ya ji ana kiran kuskus, ya ce shi za a kawo masa, irin wanda ya ci a Makka. Aka dire masa tuwon masara da miyar kuɓewa. Haka suke kiran tuwo a can. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce in na kuskura na faɗa a gida ba ni ba shi. Kifinsu dai ban ga na biyunsa ba, a gasa shi da yaji a ba ka guda sukutum.

Matar da muka je wurinta sunanta Madam Dudu. Za ta kai shekara hamsin, gajera, da rigar aiki shuɗiya da ɗankwali. Wurin aikin ƙarfen na mahaifinta ne, ta yi karatun injiniya ta dawo ta karɓa. Abu na farko da ya ba ni mamaki, duk ma'aikacin da ya iso da safe sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya ba shi hannu, har mu baƙi. A shagona da ka ɗaga wa mutum hannu daga nesa an gama. Kuma sha biyu na yi sai su kashe inji su tafi cin abinci, ko gwamna ne ya kawo aiki.

Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. "Ke ne mai walda?" ta ce da ni. Alhaji ya ƙunshe dariya. Ni ban ji komai ba, haka mahaifiyata take yi har ta rasu.

Na ciro gilashin waldata, wanda na ɗauko tun daga Gombe don a san ni ma ba baƙon aiki ba ne. Ta ce in mayar, ta miƙo mini wani farin tabarau ta ce ya isa.

Injin nata ba daga Turai ya zo ba. Gangar jikinsa tsohon injin fere ƙarfe ne, irin mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Ta ƙara masa wani faifan ƙarfe mai nauyi don juyin ya yi ƙarfi, da birki, da babban jak na mai irin wanda ke ɗaga bayan tifa. Aka ɗaure sabon bakin bututu a ɓangaren da ke juyawa, aka damƙe dogon bututun a ɗaya ɓangaren ba ya motsi. Ta kunna. Bakin ya ɗauki gudu har ba ka ganin juyinsa. Ta ja hannun jak, bututun ya matso ya taɓa shi. Aka ji ƙara kamar ana wasa wuƙa, sai ɗan hayaƙi, sai wurin haɗuwar ya yi ja, ya koma ruwan lemo. Ƙarfen ya yi laushi ya fara naɗowa waje ta kowane gefe kamar leɓe. Ta taka birki, juyi ya tsaya cak, ta ƙara danna jak da ƙarfi. Shi ke nan. Ban gama gyara tsayuwa ba an gama. Babu tartsatsi ko ɗaya.

Na manta da roƙon Saratu. Na ce, "Madam, wannan a sama kawai ya kama. Ciki fa?"

Ba ta yi musu ba. Da ya huce ta miƙo mini babbar guduma. Na yi ta duka har rigata ta jiƙe, Alhaji na zaune a inuwa yana ƙirga mini. Daga baya ta sa bututun a injin matsa ƙarfe. Ya lanƙwashe a gefe, mahaɗin ko gezau.

Sai ta ce, "Kawo naki mu gani."

Na so in ce na manta buhun a gida, amma yana hannun Alhaji. Ta sa aka yanka waldata gida biyu, aka goge fuskar har tana ƙyalli, ta shafa wani ruwa mai cin ƙarfe, ta ba ni gilashin ƙara girma. Abin da na gani ba zan manta ba. Waldar da daga waje take sumul, wadda nake alfahari da ita, cikinta ƙananan ramuka ne kamar cikin burodi. Ga wani baƙin layi inda narkakken ƙarfen bai kai ƙasa ba. Ga tsaga siririya a gefe, daga nan karayar ta fara. Ta ajiye nata yankin kusa da nawa. Nata ba ka ma gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce duk ƙarfen da aka narkar ya zama ruwa, in zai daskare yakan riƙe iska da datti, kuma irin ƙarfen bututun nan in ya yi zafi ya huce da sauri sai gefen waldar ya yi tauri ya riƙa tsagewa. A nata aikin ƙarfen ba ya narkewa, laushi kawai yake yi, dattin bakin kuma matsi ya turo shi waje cikin leɓen nan da ake ferewa a zubar. Ta ce, "Hannunki ba shi da laifi. Aikin ne ya fi ƙarfin wannan hanya."

Ina ɗaga kai na ga Alhaji ba ya wurin. Ya fita wai sayen goro, shi da ba ya cin goro.

Da rana muka zauna cin kifi a wata rumfa kusa da gadar Binuwai. Na kasa ci. Can na ce, "Alhaji, ba dutse ba ne."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun na farko."

"To me ya hana ka kai wa wani?"

Ya zare ƙaya daga bakinsa. "Wa zan kai wa? Duk Gombe irin waldarku ɗaya, kai ka ma fi su. Kuma da na gaya maka a shagonka, a gaban mutane, da har yau muna musu. Na ce bari in kai shi inda ƙarfe zai gaya masa da kansa." Ya jawo farantina. "In ba za ka ci ba, kada a yi asara."

Kwana shida na yi a hannun Madam Dudu. Na farko da na gwada na makara wajen taka birki, mahaɗin ya murɗe ya rabu. Na biyu na danna jak da zuciya ɗaya, ƙarfen ya yi leɓe kamar na raƙumi. Ga kuma wata tsohuwar al'ada: duk sanda ƙarfe zai haɗu sai in gyaɗa kai don in sauke gilashin waldar da babu shi a kaina. Kafin kwana uku duk ma'aikatan wurin da haka suke gaishe ni. Ta koya mini sauraron ƙarar, da kallon launin, da yadda ake sake gasa mahaɗin a hankali bayan an gama, a bar shi ya huce da kansa don kada ya yi taurin karyewa. Ta nuna mini tagulla da ta haɗa da alminiyam, abin da na sha gaya wa mutane ba ya yiwuwa. Ta kuma nuna mini wata dabara ta haɗa fallayen alminiyam biyu: wani ɗan ƙarfe mai kai kamar ƙusa yana juyawa yana bin tsakaninsu, yana tuƙa su kamar muciya a tukunyar tuwo, bayansa sai ka ga sun zama ɗaya. Ina kallo sai na tuna maƙeran garinmu, da suke gasa ƙarfe biyu su yi ta duka har su kama. Su ma ba narkarwa suke yi ba. Ina yaro na sha wuce su, ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

A rana ta biyar nawa ya kama. Ta yanka, ta goge, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Yanzu kin zama mai walda." Shekara ashirin da huɗu, sai a Garwa aka ba ni shaida, kuma a matsayin mace.

Dawowa ba ta da labari sosai, sai dai Alhaji ya sayo dogon burodi guda goma tsaraba, kafin Numan sun zama itace.

Wata huɗu muka yi muna haɗa namu injin. Gangar jikin daga Jos muka samo ta, jak da birki daga wurin 'yan gwangwan, wuta kuma daga babban janareton Alhaji, don ta gari ba za ta iya ba. Madam tana duba mu ta waya tana faɗa. Bututu shida na lalata kafin na bakwai ya yi, kuma yanzu duk rukunin da na haɗa sai na yanka ɗaya na duba cikinsa.

Aikin farko a wani ƙauye ne bayan Kwami. Ba wanda ya gayyace ni, na rufe shago na bi su. Kwana uku ina tsaye kusa da injin, duk bututun da ya shige ƙasa sai in bi shi da ido. Da aka kai dutse injin ya fara jijjiga, ma'aikatan suka juyo suna kallona, ni kuma ina kallon ƙasa. A rana ta uku da la'asar ruwa ya yi tsiri ya jiƙa mu duka. Aka zaro bututun ɗaya bayan ɗaya, goma sha tara, ba wanda ya yi ko tsaga. Babban ma'aikacin Alhaji, wanda ya fi kowa yaɗa maganata a gari, ya zo ya ba ni hannu. 

Yanzu matsalata ɗaya, kowa sabuwar walda yake so. Makon jiya wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati a GRA, ya aiko a kira ni. Ƙofar gidansa ce ta ɓalle daga jikin ginshiƙi. Ya ce ya ji labari, shi irin ta Kamaru yake so, wadda ba wuta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita wannan sai an juya abu ɗaya da gudu a jikin ɗaya. Sai ka zaɓa, ƙofar za mu juya ko gidan?"

Ya dubi ƙofar, ya dubi gidan, ya daɗe yana tunani kamar abin mai yiwuwa ne. Sannan ya ce, "Malam Bulus, je ka ɗauko tsohuwar wutarka."